Turke a Ruwan Kada: Ilimin Tsayar da Jirgi a Bakin Wani Basarke na Gyaɗi-Gyaɗi

Kano ba garin kogi ba ne. Ruwan da Bakano ya buɗe ido ya gani shi ne na rijiya da na kududdufi da rafin Jakara, sai Kogin Challawa da Kogin Kano da ke kudu da birni, waɗanda kafin zuwan madatsun ruwa sukan koma rairayi da zarar rani ya tsaya. Wannan ya sa kalmomin jirgi da na tuƙi ba su da yawa a bakin mutumin birni. Ya san kwalekwale, ya san fito, ya san karin maganar da ke cewa iya ruwa fid da kai, amma in aka tambaye shi yadda ake kwana a kan ruwa a wayi gari lafiya, sai ya yi shiru. Sai dai birni matattara ne. Duk wata masifa da ta auku a Arewa takan koro mutane zuwa Kano, kowa kuma yakan zo da abin da ya sani a ƙirjinsa, ko da ya baro duk abin da ya mallaka.

A wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin Titin Zariya da Titin Kotu, akwai wani dattijo da ya doshi shekara 70. Yaran unguwa suna ce masa Baba Basarke, ’yan kasuwar Tarauni kuwa, inda yake kasa banda a kan tebur, sun fi saninsa da mai kifi. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mutumin da ke korar ƙuda da mafici ya yi fiye da shekara 40 yana tuƙa jirgi, kuma dararen da ya kwana a kan ruwa sun fi waɗanda ya kwana a ɗaki. Abin da ya fi gwanancewa a kai shi ne abin da ba a cika yabon matuƙi da shi ba, wato tsayar da jirgi a ruwan da kada ke ciki.

Daga gungu zuwa tudu

An haife shi a wani gungu da ke tsakiyar Kogin Kwara a ƙasar Yawuri. Iyayensa Sarkawa ne, zuriyar masunta da matuƙa waɗanda masana tarihi suke danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, kafin su zauna a ƙasar Kabi su rikiɗe su zama Hausawa. Yana da shekara 12 ko kusa da haka aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Ruwa ya taso ya shanye gungaye da gonaki da maƙabartu, aka kwashe kimanin mutum 44,000 aka kai su sababbin matsugunai a kan tudu. Kogin da mahaifinsa ya sani kamar tafin hannunsa ya zama tafki mai faɗi, wanda a wasu wuraren ba a hango ɗaya gaɓar.

Sabon ruwa ya zo da sabon tuƙi. A kogi gwangwala da filafili sun wadatar, domin ƙasa tana kusa, gaɓa ma tana kusa. A tafki gwangwala ba ta taɓa ƙasa, hannu kuma yana gajiya kafin a kai rabin tafiya. Sai matuƙa suka koma ɗinke buhuna suna ɗaurawa a jikin gora, su kafa ta a tsakiyar jirgi, iska ta riƙa tura su. A irin wannan jirgi mai ƙyallen iska ya koyi sana’a, tun kafin inji ya wadata. A ƙarshen shekarun 1970 ya bi ayarin masunta zuwa Tafkin Chadi, ya zauna a Doron Baga yana jigilar banda daga tsibirai. A gaban idonsa tafkin ya ci gaba da janyewa, daga faɗin kusan murabba’in kilomita 25,000 da yake da shi a 1963, har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Duk da haka bai bar shi ba sai ranar 3 ga Janairu, 2015, da mayaƙan Boko Haram suka afka wa Baga. Ya baro jirage biyu a ɗaure, ya riƙo hannun jikansa mai shekara tara, suka bi daji har Maiduguri, daga nan suka wuce Kano inda ’yarsa, mahaifiyar yaron, take da ɗaki.

Tafiya ta iska ce

Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, tafiya ta iska ce, tsayawa ta matuƙi. Kowane yaro yana iya koyon sarrafa jirgi cikin wata guda, amma sanin inda za a kwana sai an yi shekaru. A wurinsa tsayawa tana farawa ne tun da la’asar, lokacin da rana take haska gaɓa sosai. Wanda ya bari sai almuru sannan ya fara neman masauki ya riga ya makara, domin ba zai iya karanta abin da aka rubuta a bakin ruwa ba.

Rubutun kuwa a fili yake ga wanda ya iya. Inda kada yake hawa shan hantsi yakan bar jan ciki, wato wani santsi a kan laka, da sawun farata a gefe da gefe, da layin wutsiya a tsakiya. Faɗin santsin yana nuna girman dabbar, danshinsa kuma yana nuna ko yau ta sauka ko tun shekaranjiya. Tudun yashi da rani wurin ƙwai ne. Macen takan haƙa rami ta binne su, ta zauna kusa tana gadi har kusan wata uku, kuma a wannan lokaci ba ta da haƙuri da kowa. Mashayar shanu, da wurin wankin mata, da kwatar da ake gyaran kifi, da bakin ƙorama inda take zuba cikin babban ruwa, da duhuwar burgu, duk wurare ne da abinci yake kai kansa, saboda haka mai jiran abinci ba ya nisa da su.

A nan ne sabon shiga yake yin kuskurensa na farko. Zuciya tana gaya masa cewa kusa da gaɓa ya fi aminci, tunda ƙafa tana iya taɓa ƙasa. Alhali a tsakanin ruwa da tudu kada yake farauta. Gwani yakan ja baya daga gaɓa gwargwadon jifan dutse, amma ba ya fita sarari inda iska za ta yi wasa da shi. Yakan nemi bayan tsibiri ko bayan wani hancin tudu ya fake. Wane gefe zai fake kuma, wannan ya danganta da lokaci. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, ba ta sauyawa, lissafinta mai sauƙi ne. Da damina kuwa iskar yini daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa. Wanda ya ɓuya wa iskar yini ya manta da gabas, tsakar dare zai tashi ya tarar jirginsa yana dukan gaɓa, a daidai wurin da ya guje wa da la’asar.

Bayan an zaɓi wuri sai a tambayi ƙasa. Yakan zura gwangwala ya saurara da tafin hannunsa: laka tana riƙewa ta saki a hankali, yashi yana ƙuƙus, dutse yana amsawa, itace kuma yana rawa. In ruwan bai kai gaba biyu ba, kuma ƙasa laka ce, turke ya fi komai. Akan kafa biyu, ɗaya a goshin jirgi ɗaya a baya, don kada jirgin ya juya cikin dare ya shiga ciyawa. In ruwa ya yi zurfi sai a koma ga dutsen da aka ɗaure da igiya, ko ga anka ta ƙarfe mai ƙugiya huɗu wadda maƙera suke lanƙwasawa da rodi. Akan sauke ƙyallen iska tukuna, a fuskantar da goshin jirgi ga iska, sannan a saki ankar a hankali, ba a jefa ta. Kowace gaba ɗaya ta zurfi tana son gaba biyar ta igiya, in ana tsammanin hadari a kai bakwai. Dalilin shi ne, gajeriyar igiya sama take jan anka ta tumɓuke ta, doguwa kuwa a kwance take ja, sai ƙugiyar ta ƙara nutsewa cikin ƙasa. Daga nan sai ya daidaita wata bishiya da wani tsauni a idonsa, ya riƙa dubawa har duhu ya rufe. Bayan duhu hannu ne ido. In ya ɗora yatsu a kan igiya ya ji tana karkarwa, anka tana jan ƙasa ke nan, ba ta kama ba.

Kowane ruwa kuma da nasa hali. A Kainji ruwa biyu ne a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da hunturu. Wanda ya ɗaure tamau lokacin da ruwa yake hawa, igiyarsa za ta danne goshin jirgi. A Chadi kuwa akwai tsibiran ciyawa masu yawo. Baƙo yakan ɗauka tudu ne ya ɗaura jirgi a jikinsu, ya farka a wurin da bai sani ba. Wani lokaci su ne suke zuwa cikin dare su kewaye jirgin da ke tsaye, su zo masa da duk abin da ke kwance a cikinsu. Sannan ga dorina, wadda take fita kiwo da dare ta hanya guda, ta dawo ta hanyar. Wanda ya tare mata hanya ba ya buƙatar kada ya ƙarasa shi.

Kada biyu

Abin lura a cikin wannan ilimi shi ne, mafi yawansa hani ne. In Baba Basarke ya fara jero shi, kusan kowace jimla da kalma ɗaya take farawa. Kada ka bar hannu ko ƙafa tana reto a gefen jirgi. Kada ka sunkuya ka ɗebi ruwa da hannu, jefa guga. Kada ka yi alwala a baki-baki, cika buta ka koma tsakiya. Kada ka gyara kifi a inda za ka kwana, kada kuma ka zubar da hanjinsa a nan. Kada ka ɗaure akuya ko kare a gefe. Kada ka kwana wuri ɗaya dare uku a jere. Kada ka shiga ruwa don ciro anka.

A Hausarsu ta yamma kado suke ce wa dabbar, saboda haka bai taɓa lura da wani abu ba sai da kunnensa ya saba da Kananci. A bakin Kanawa sunan dabbar da kalmar hani sun yi kama ƙwarai, tsawon wasalin ƙarshe ne kawai ya raba su, a rubutun yau da kullum ma ba a bambanta su. Wannan dacewa ce ta sauti, babu wata dangantakar asali da za a ɗora a kanta, amma ta yi wa dattijon daɗi. Yakan ce kada biyu ne suka raine shi, na cikin ruwa da na bakin mahaifinsa, kuma na farkon ne ya sa ake jin maganar na biyun.

Kowane hani a cikinsu yana da tushe a halittar dabbar. Idanunta da ƙofofin hancinta a saman kai suke, tana iya ɓoye jiki duka ta bar abin da bai fi ɗan guntun itace ba. A gefen muƙamuƙinta akwai wasu ƙananan ɗigo masu jin motsin ruwa, har a cikin duhu. In ta kwanta shiru tana iya wuce awa guda ba ta fito shan iska ba. Abin da ya fi duka, tana koyon al’adar abin da take nema. In ta ga ana sunkuyawa a gefe ɗaya a lokaci ɗaya, yau da gobe, ran na uku a nan za a tarar da ita. Tocila tana tona asirinta da dare, domin idanunta ja suke haskawa kamar garwashi, tazarar da ke tsakaninsu kuma tana faɗin girmanta.

A 2011 binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa abin da aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne, wato kadan Kogin Nilu, ashe jinsi biyu ne. Na Afirka ta Yamma ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi sauƙin hali. Shi ne wanda mutanen Paga a arewacin Ghana da na Bazule a Burkina Faso suke zaune da shi lafiya, har yara suna wanka kusa da shi. Dattijon bai san da binciken ba, amma ya san akwai kadan gida da ya saba da mutane, akwai kuma baƙo. Sai dai bai taɓa gina lissafinsa a kan wannan bambanci ba, domin a cewarsa cikin duhu ba a tambayar kada asalinsa.

Nazarin Hausa ya ba Sarkawa kulawa, musamman ta fuskar tsafi da surkulle da kirari, da rawar da Sarkin Ruwa yake takawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu tun 1934, inda shi ne yake fara neman aminci a Matan Fada kafin masunta su faɗa. Wannan fage ne mai ban sha’awa, amma yakan rufe wani fagen. A ƙarƙashin laya da addu’a akwai lissafin igiya da iska da laka, wanda shi ma gado ne, kuma da baki ake miƙa shi. Baba Basarke ba ya shiga jirgi ba tare da addu’a ba, sai dai yakan tunatar cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali.

Igiya da wuƙa

Hani na ƙarshe a jerin nan shi ne wanda ba ya son a tambaye shi dalilinsa. Ya faɗe shi sau ɗaya ga jikansa, a taƙaice, yana kallon ƙasa.

Shekara uku bayan cikar tafkin Kainji, shi da wansa suka sami wani wuri mai kifi, a saman inda gonakin garinsu suke a da. Ba a sare itatuwan wurin duka ba kafin ruwa ya zo, suna nan tsaye a ƙarƙashi, kifi kuma yana son su. Albarkar ta sa suka kwana huɗu a wuri guda, suna gyaran kifi a gefen jirgi. Ankarsu sabuwa ce, ta ƙarfe, bashi suka karɓo ta daga maƙeri, kuɗinta ya kai na kifin wata guda. Da asubar rana ta biyar suka ja, ta ƙi fitowa. Wan ya tuɓe riga ya bi igiya. Ya fito ya ce ta maƙale ne a tsakanin rassa biyu, har ya yi dariya ya ce yana jin ɗorawar gonar babansu ce ta riƙe su. Ya ja numfashi ya koma. Igiyar ta girgiza sau biyu a hannun ƙanen, sannan ta yi shiru. Sai bayan kwana biyu aka sami abin da aka yi wa sutura.

Yana da shekara 15 a lokacin, shi kaɗai ya tuƙo jirgin gida. Tun daga ranar bai sake sakin anka ba sai da abu biyu. Na farko siririyar igiya ce da yake ɗaurawa a gindin ƙugiyoyin, ɗaya bakin kuma a jikin gora mai yawo a saman ruwa, yadda in anka ta maƙale sai a ja ta ta baya ta zame. Na biyu wuƙa ce a soke a goshin jirgi. In siririyar igiya ta kasa, wuƙa ta yi aikinta. Ya yanke anka huɗu a rayuwarsa, kowace da kuɗinta, bai taɓa waiwayarsu ba.

Ba a Kwara da Chadi kaɗai ake wannan lissafi ba. A arewacin Ostireliya, inda masu jiragen shaƙatawa masu tafiya da iska suke kwana a bakin koguna, akwai kadan ruwan gishiri wanda ya fi kowane girma a duniya. Tun da aka hana farautarsa a Yankin Arewa na ƙasar a 1971 ya yaɗu ƙwarai. A sauran tekuna al’adar matuƙa ce mutum ya nutsa ya duba ko ankarsa ta kama, amma a can an bar wannan al’ada, an koma ga siririyar igiya da abin yawo. Gargaɗin da hukumominsu suke bugawa a alluna ya ƙunshi nisantar bakin ruwa, da barin gyaran kifi a gaɓa, da sauya wurin ɗiban ruwa, da tsare hannu da ƙafa cikin jirgi. Ga kuma hawa da saukar teku, wanda a gaɓar Kimbali yakan wuce mita 10, ya sa lissafin igiya ya zama dole. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun tsaya a kan dokoki iri ɗaya, saboda malaminsu ɗaya ne.

Da malami ya tafi

A ruwayen Arewa malamin nan ya yi ƙaranci. Daga tsakiyar ƙarni na 20 fatarsa ta yi daraja a kasuwannin Turai, mafarauta suka bi shi da tocila da mashi da bindiga. Kano, cibiyar jima da dukanci, tana cikin manyan wuraren da fatun suke sauka su zama jaka da takalmi. Yarjejeniyar duniya ta hana cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar a 1985, amma kafin nan an riga an yi nisa. Yau matashi yana iya shekara yana tuƙi a Kainji bai haɗa ido da babban kada ba. Birnin Kaduna ma, wanda da yawa suke ɗaukar sunansa jam’in kada ne, ya fi ganin dabbar a tambari.

Da an zaci wannan zai faranta ran mutumin da kada ya raba shi da ɗan’uwansa. Amma ra’ayinsa ya saɓa wa haka. A ganinsa, da kada na ruwa ya ragu, sai kada na baki ya rasa mai tsaya masa. Tsoron dabbar ne yake hana tafiyar dare, yake hana a cika jirgi har bakinsa ya kusa shan ruwa, yake sa a tsaya da la’asar a duba gaɓa. Da tsoron ya kau, inji kuma ya zo, sai aka ɗauka ruwa hanya ce kamar kwalta. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, kaɗan suka tsira. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, a nan Jihar Kano, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Babu kada a cikin ko ɗaya daga waɗannan labarai.

Ba za a ce bayaninsa ya game komai ba. Akwai talauci, da rashin gada da hanya, da tsufan jirage, da matsalar tsaro da take tilasta wa mutane bin ruwa a lokacin da bai dace ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya. Sai dai dokar da ke kan takarda tana buƙatar jami’i a kowace kwata, alhali wadda Sarkawa suka gada a cikin jirgi take kwana. Ita ce kuma take ɓacewa ba tare da an rubuta ta ba, tare da kalmominta na sassan jirgi da ire-iren ƙulli da sunayen iska, duk lokacin da aka kai wani tsoho makwancinsa a birnin da ba a san ko shi wane ne ba.

Karatu a kan tudu

Jikan nan da aka riƙo hannunsa daga Baga ya girma a Tarauni. Ya gama sakandare, ya taɓa tuƙin adaidaita sahu na wani, abin bai ɗore ba. Sai baffansa da ke Yawuri, mai jirgin inji da ke kai albasa da shinkafa kasuwannin bakin tafki, ya aiko yana neman yaro. Mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba, ruwa ya ci musu abin da ya ci. Yaron ya ce zaman banza a Kano ma wani ruwan ne. Aka kai magana gaban tsoho. Ya yi kwana biyu bai ce komai ba, sannan ya ce zai tafi, amma sai ya koyi tsayawa.

Tsakar gida ta zama tafki. Turmi ya zama anka, tabarma ta zama jirgi, igiyar shanya ta sha ƙulli da kwancewa har hannun yaron ya yi kanta. Ran wata Asabar kuma suka taka daga Gyaɗi-Gyaɗi, suka tsallaka mahaɗar Dangi, suka bi Titin Gidan Zoo har gidan namun dajin da Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, a zamanin da ya gina madatsun Tiga da Bagauda. Ba su tsaya wurin zaki ko jimina ba. Suka zarce wurin kadoji, tsohon ya sami inuwa ya zauna.

“Aboki, ƙirga min su.”

Yaron ya ƙirga ya faɗa.

“Saura biyu.”

“Wallahi Kaka, iyakarsu ke nan.”

“To, mu jira.”

Suka jira fiye da rabin awa. Can sai wani abu da yaron ya ɗauka ɓawon itace ne ya buɗe ido. Na biyun bai bayyana ba sai da inuwa ta juya, ya ɗago hanci a daidai gindin katangar da yaron ya jingina da ita tun zuwansu.

“Tun yaushe yake nan?”

“Tun kafin ka fara ƙirga. Kai ka zo kallo, shi yana aiki.”

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, ya ba shi ƙunshi a cikin buhu: siririyar igiya gaba goma sha biyar, da gora, da wuƙa a cikin kube. Mahaifiyar ta ƙara da rigar kariya da ta saya da kuɗin adashinta, ba ta yi magana ba. Tsohon ya ce masa in ya taɓa tsayawa yana auna kuɗin anka da ransa, to, ya tuna an riga an biya wannan bashi a gidansu.

Yanzu yaron yakan kira bayan magariba, in akwai sabis. Wata rana ya ba da labarin yadda wasu fatake suka matsa a ƙetare da su da dare da kaya fiye da kima, ya ƙi kunna inji, suka zage shi suka tafi wani jirgin, baffansa ma ya yi kwana biyu yana fushi. Tsohon bai yaba masa ba, bai kuma tambayi nawa aka yi asara ba. Tambayoyinsa ba sa sauyawa.

“Ina kuka tsaya?”

“Bayan wani gungu, Kaka, gabas tana rufe.”

“Ƙasa fa?”

“Laka ce. Gaba uku.”

“Igiya nawa ka saki?”

“Goma sha biyar.”

“Akwai hadari a garinku?”

“Ana walƙiya can nesa.”

“Ƙara shida. In ka gama ka ɗora hannu ka ji, sannan ka ci abinci.”